Wandon Ruwa da Ƙayar Rogo

A cikin hutun Agusta na shekarar 2024 na tafi ƙasar Rogo da ƙunshi a hannuna, ina jin na yi abin kirki. Ɗan yayata, wanda ke noma a wani ƙauye kudu da garin Rogo, ya aiko mini da saƙo tun farkon damina. Ya ce gyazbi, wanda waɗansu ke kira gyauji, ya dame shi a gonar rake, gafiya kuma tana tone masa gyaɗa. Yakan fita da karnukansa da asuba, amma kafin hantsi ya jiƙe sharkaf, ya dawo gida yana makyarkyata. Saboda haka ya sayar da zakaru biyu, ya aiko da kuɗin, ya roƙe ni in saya masa wandon ruwa a Kano.

Na shiga kasuwa, na ga irin wanda masu babur ke sawa, riga da wando cikin jaka guda, yana ƙyalli, ga shi da araha. Ban yi wata-wata ba na biya, har canji ya ragu. Abin da ya sami wandon nan shi ne dalilin wannan labari. Na rubuta shi domin magidanta da samari masu shiga jeji da damina, da kuma matan gida waɗanda sau da yawa kuɗin kajinsu ne ke tafiya wajen sayen irin waɗannan kaya.

Hanyar Rogo

Daga Kano muka fita ta Kabuga, muka kama hanyar Gwarzo, sa'an nan muka karkata kudu zuwa Karaye. Wanda ya san ƙasar nan da rani kaɗai ba zai gane ta a watan Agusta ba. Dawa da masara sun fi mutum tsawo, sun rufe ƙauyuka, sai hayaƙi kawai kake hange yana tashi daga bayan ganye. Kusa da Karaye akwai babbar madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992. Ruwan da ta tare ya kwanta fankameme, masunta suna yawo a kai da kwale-kwale. Kogin Challawan nan shi ne ke haɗuwa da Kogin Kano can gaba, su zama Kogin Haɗeja.

A cikin mota ba a yi wata hira ba sai ta sarauta. An kafa masarautar Karaye a 2019, aka rushe ta a watan Mayu na 2024, aka kuma maido da ita a watan Yuli na shekarar a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi biyu a ƙarƙashinta, watau Karaye da Rogo. Kowa yana faɗin albarkacin bakinsa, ni kuwa ina rungume da ƙunshina kada ruwan da ke yoyo ta taga ya taɓa shi. Da na san abin da ke gaba, da ban wahalar da kaina ba.

Rogo tana can kusurwar kudu maso yamma ta Jihar Kano, ta yi iyaka da Jihar Katsina da Jihar Kaduna. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 227,000. Cikin garuruwanta akwai Beli, da Fulatan, da Zarewa, da Zoza, da Gwangwan, da Ruwan Bago. Akwai kuma wata Falgore, amma kada mai karatu ya ɗauka ita ce ta gandun dajin nan da aka hana farauta a cikinsa, gama shi yana can wajen Tudun Wada da Doguwa. Tun da Rogo ta matsa kudu wajen ƙasar Zazzau, ta fi birnin Kano samun ruwan sama. Shi ya sa fadamunta suke ba da rake da shinkafa, shi ya sa kuma ciyawarta take tashi da ƙarfi. Babban jeji irin na da ya ragu ƙwarai, gonaki sun cinye shi. Abin da ya rage shi ne bakin rafi, da kwazazzabai, da saura, da burtali. A nan ne naman da ke ɓarna yake ɓuya, a nan ne kuma ƙaya ta taru.

Safiya guda

Yaron ya yi murna da wandon. Ya sa shi a tsakar gida, ƙannensa suna shafawa. Kashegari da assalatu muka fita mu uku, ni da shi da wani tsohon maharbi, ƙanen kakansa, wanda dukanmu muke kira Baba. An yi ruwa da tsakar dare, amma sa'ad da muka fita sama garau take, ko ɗigo babu.

Ba mu yi nisa ba na koyi abu na farko. Gamba da ƙyasuwa sun sunkuyo kan hanya daga dama da hagu, kowane ganye ɗauke da ruwa da raɓa. Kafin mu kai bakin fadama wandona na auduga ya manne mini a cinya, takalmina yana ƙugi. Ashe ruwan da ke jiƙa maharbi ba daga sama yake zuwa ba. Daga gefe yake zuwa, ciyawa ce ke shafa masa shi taki bayan taki, tana kuma gogar tufar yayin da take jiƙa ta.

Abu na biyu kunnena ne ya gaya mini. Duk takin da yaron ya yi, wandonsa sai ya ce kwaras, kwaras, kamar ana murza buhun taki. Wata makwarwa ta tashi tun muna nesa. Baba ya juyo ya dube shi, ya ce, “Kai yaro, shela ka zo yi wa naman jeji?”

Abu na uku ya faru a bakin kwazazzabo. Karnuka suka tayar da gyazbi, ya faɗa cikin sarƙaƙiya, yaron ya bi shi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Duk wanda ya san sarƙaƙiya ya san ƙayarta lanƙwasassa ce kamar ƙugiya, ba ta huda abu ta sake shi, sai ta riƙe ta ja. Da ya fito, ƙafar wandon ta dama ta yage daga gwiwa har idon sawu, ta hagu kuma ta zama rariya. Hantsar ta ɓarke tun sa'ad da ya tsallake rafi. Ƙaurinsa yana jini. Da ya tuɓe ragowar, sai muka ga gajeren wandon da ke ciki a jiƙe yake jagab, ba da ruwan ciyawa ba, da guminsa. Ledar ta hana ruwa shiga, ta kuma hana zufa fita.

Gyazbin ya tsere. Zakaru biyu sun tafi a safiya guda. Yaron bai ce mini kome ba sai, “Ba kome, Kawu.” Wannan ba kome ta fi mini zafi da a ce ya yi gunaguni. Araha ba ta ado.

Abin da warki ya koya mini

Da la'asar na zauna da Baba a ƙofar gida, yana gyaran tarko. Na ce, “Baba, ku da, da me kuke shiga jeji da damina?”

Ya shiga ɗaki ya fito da warki, ya shimfiɗa a gabana. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Fatar akuya ce da aka jeme da bagaruwa, ana ɗaura ta a ƙugu, a zago da ita ta tsakanin ƙafafu, ta rufe mazaunai da cinya. Manoma da maƙera da maharba na ƙasar nan sun daɗe suna amfani da shi. Nasa ya yi baƙi saboda shekaru da man da ake shafa masa, duk jikinsa zane-zanen ƙaya ne, amma ko huda ɗaya ban gani ba.

Ya ce, “Malam, mu ba mu yi faɗa da ruwa ba. Ruwa ya taɓa ka, rana ta fito ka bushe. Ƙaya muka yi wa shiri. Inda jeji ke dukan mutum, nan muke sa abu mai ƙarfi. Inda ba ya duka, mu bar iska ta shiga.”

Bai ce a koma warki ba. Shi da kansa ya faɗi aibinsa: in fata ta sha ruwa takan yi nauyi, in ta bushe ba a shafa mata mai ba takan ƙandare, ba ta kuma kāre ƙauri, inda maciji ke sara. Ya kuma tuna mini cewa babbar farauta ta taron jama'a da rani ake yinta, bayan an kawar da amfanin gona. Farautar damina ta tsaron gona ce kawai, gama lokacin ne yawancin naman jeji da tsuntsaye suke da ƙanana, mai hankali kuwa ba ya kashe uwa ya bar marayu. Amma maganarsa ta farko ita ce ta zauna mini. Na yi kuskure domin na tambayi mai kanti abu guda kaɗai, ko wandon yana hana ruwa. A jejin Rogo tambayoyi uku ne, kuma ga jerinsu: zai jure wa ƙaya? Zai bar gumi ya fita? Sa'an nan, zai hana ruwa? Wandon da ya fāɗi tambaya ta farko, amsarsa ta uku ba ta da amfani, gama yagaggen wando ba ya tare kome.

Iri huɗu

Da na koma Kano na ɗauki mako guda ina bincike, ina zagaya Kasuwar Sabon Gari da rumfunan gwanjo na Ƙofar Wambai, ina juya wanduna ciki waje har masu kaya suka fara gajiya da ni. Na tarar matsalar yaron nan tsohuwa ce. A 1823 wani mutumin Sikotlan, Charles Macintosh, ya narkar da danƙon roba ya shafa shi tsakanin ƙyalle biyu, ya yi tufar da ruwa ba ya ratsawa. Mutane suka yi murna, amma ba da jimawa ba suka fara kuka: tana wari, tana ƙandarewa da sanyi, tana danƙo da zafi, mai sanye da ita kuma yana jiƙewa da guminsa. Shekara ɗari biyu ke nan masu yin tufafi suna kokawa da abu ɗaya, watau yadda za a rufe ƙofa ga ruwa a bar ta buɗe ga zufa. Abin da ke kasuwa yau ya kasu huɗu.

Na farko shi ne na leda ko siririn nailan, irin wanda na saya. An yi shi domin mai zaune a kan babur ko mai tafiya a titi. A wurinsa yana da kyau. A cikin ƙaya kuwa kwanansa ɗaya.

Na biyu shi ne yadi mai kauri da aka shafe da roba, irin na masunta da ma'aikatan hanya. Ruwa ba ya ratsa shi ko kaɗan, ƙaramar ƙaya tana zamewa a kansa, in kuma ya huje ana iya yi masa faci da gam kamar tayar keke. Aibinsa nauyi da zafi. Ya dace da wanda zai tsaya wuri ɗaya, ko mai fita da asuba ya dawo kafin rana ta yi ƙarfi.

Na uku shi ne wanda ake cewa yana numfashi. A 1969 wani Ba'amurke, Bob Gore, ya gano cewa in aka fizgi wata irin roba mai zafi da sauri, takan miƙe ta zama siririn tantani mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ɗigon ruwa ya fi ƙarfin ƙofofin, amma tururin gumi yana wucewa. Daga nan aka sami yadin Gore-Tex da ire-irensa. Sabonsa yana da tsada ƙwarai, amma akan ci karo da shi a gwanjo. Sai dai a lura da abu biyu. Tururi yana fita sosai ne in iskar waje ta fi ta cikin wando sanyi da bushewa. A cikin marka, sa'ad da iska take da ɗumi, cike da danshi, numfashin nan yakan ragu. Har wa yau tantanin ba shi da ƙarfin kansa, yadin da ke bisansa ne ke tsaronsa. In yadin siriri ne, ƙaya za ta kai gare shi.

Na huɗu shi ne tamfol na auduga mai kauri da aka shafa wa kakin zuma ko mai. Dabarar masu jiragen ruwa ce ta da. Ba ya ƙara, ƙaya ba ta cinsa da sauƙi, kowane tela mai babbar allura yana iya gyara shi. Ba ya hana ruwa sarai in an daɗe a cikinsa, kuma dole a riƙa sabunta shafin, amma ga raɓa da jiƙaƙƙiyar ciyawa ya isa.

Yadda za a duba kafin a biya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da zan yi da a ce yau ne ranar farko.

A fara da kaurin zare. A jikin waɗansu wanduna akwai ɗan ƙyalle mai rubutu, za ka ga lamba da harafin D, kamar 70D ko 500D. Ma'anarta nauyin zare mai tsawon mita 9,000 ne a ma'aunin giram. Ƙaramar lamba siririn zare, babbar lamba kakkauran zare. Mai 40 ko 70 na mai hawan dutse ne da ke gudun nauyi. Ga gwiwa da ƙauri a cikin sarƙaƙiya, ni dai ba zan sauka ƙasa da 300 ba. In ba rubutu, sai a ɗaga yadin a rana, a murza shi da yatsa, a ja shi ta kusurwa. In ka ga ƙananan gidajen dara a saƙar, an ratsa zare mai ƙarfi ne a tsakani domin in yaga ta fara ta tsaya. Wannan alheri ne, ko da yake ba ya hana huda.

Akwai wata lamba kuma mai “mm” a bayanta, kamar 5,000 ko 10,000. Ita tana nuna tsawon ruwan da za a tsayar cikin bututu a bisa yadin kafin ya fara zubowa. Mai 10,000 yana ɗaukar ruwa mai tsawon mita 10. Wani zai ce wannan ya yi yawa, amma a tuna maharbi yana durƙusawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, yana zama a kan kututture, nauyin jikinsa kuwa yana tura ruwa cikin yadi fiye da yadda ruwan sama ke yi.

Sa'an nan a juya wandon ciki waje a dubi ɗinki. Kowace huda ta allura ƙofa ce ga ruwa. A wando na kirki za ka ga an manna siririn ƙyalle a bisa kowane ɗinki daga ciki. In ya fara ɗagowa, ko kuwa shafin cikin yana barewa kamar fatar maciji, ko yana danƙo a hannu, ko yana wari mai tsami, to, wandon ya tsufa, ko da wajensa yana sheƙi. Wannan ita ce cutar kayan gwanjo. In mai kaya ya yarda, a ƙulle ƙafa ɗaya, a zuba ruwa a ciki, a riƙe kaɗan a gani.

A gwada shi a bisa wandon da aka saba sawa. A tsuguna, a ɗaga gwiwa har ƙirji, a buɗe ƙafa kamar za a tsallake rafi. In hantsa ta ja, zai ɓarke a jeji. Yalwa tana da wani amfani kuma, gama wando mai faɗi yana busa iska ciki da waje yayin tafiya, ya rage gumi. Mazagi ya fi roba a ƙugu, domin zafin ƙasarmu yana kashe roba cikin shekara ɗaya ko biyu, mazagi kuwa ko ya tsinke igiya tana ko'ina. Zif mai yawa wahala ce mai yawa, laka da yashi suna cinye haƙoransa. A goga ƙafafun wandon da juna kusa da kunne. In kai ka ji ƙara a cikin hayaniyar kasuwa, zomo zai ji ta daga hayin rafi.

Game da launi, a nemi ruwan ƙasa ko kore mai duhu. A guji mai dabbare-dabbare irin na soja, ko da ya fi kowanne ƙarfi da araha. Doka ta hana farar hula sa kayan da suka yi kama da na soja, kuma a zamanin nan da hankalin jama'a yake tashe, mutumin da ya fito daga jeji da irin wannan tufa, da makami a hannu, yana iya jawo wa kansa abin da ya fi jiƙewa.

Maciji da wuta

Akwai abu biyu da suka fi kuɗi muhimmanci. Na farko maciji. Kububuwa ita ce ta fi kashe mutane a ƙasashenmu na arewa, kuma yawancin sara a ƙafa ne, daga gwiwa zuwa ƙasa, lokacin aikin gona. Babu wandon ruwa da zai ba mutum tabbaci a kanta. Amma dogon takalmin roba, da wando mai kauri mai yalwa a bisansa, suna rage hatsari. A saki ƙafar wandon a bisa takalmin, kada a cusa ta ciki, in ba haka ba duk ruwan da ya gangaro cikin takalmi zai taru. In tsautsayi ya faru, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da mutum, a hana ƙafar motsi, a kai shi asibiti da hanzari.

Na biyu wuta. Masu neman gafiya sukan hura hayaƙi a bakin rami, kowa kuma yana son jin ɗumi bayan ya jiƙe. Nailan da leda ba sa cin wuta kamar auduga, narkewa suke yi su manne a fata. Tartsatsi ɗaya ya isa ya huda wando, harshen wuta ɗaya ya isa ya bar tabo na har abada. A tuɓe wandon ruwa kafin a matsa kusa da wuta.

Komawa Rogo

A farkon Satumba na sake hawa motar Karaye, wannan karo da kuɗin aljihuna, gama laifin nawa ne. Na sami wando na gwanjo irin na uku, ruwan ƙasa, manne-mannensa lafiya lau, sai dai yadinsa bai kai kaurin da nake so ba. Da fari na yi niyyar tela ya ɗinka masa maho a gwiwa, amma na tuna allura za ta huda tantanin. Sai maganar Baba ta dawo mini. Na sayi tamfol na auduga, muka kai wa wani tela a Rogo, ya yanka ƙafafu biyu dabam, kowace daga cinya zuwa idon sawu, ba hantsa, ba mazaunai, da igiya a sama wadda ake ratayawa a ɗamara. Muka narkar da kakin zuma muka shafe su, muka shanya a rana har ya shige. Wando a ciki yana tare ruwa, tamfol a waje yana karɓar ƙaya. Ranar da ba ruwa sosai, sai a sa tamfol kaɗai a bisa wandon gida, iska tana shiga.

Baba ya juya su a hannunsa, ya ja, ya sansana. Ya ce, “To, Malam, ai warki ne ka yi wa ƙafafu.” Da tsohuwar zuma ake magani.

Na bar wa yaron ka'idodi kaɗan. In ya dawo ya ɗauraye laka da ruwa zalla, ban da garin sabulu mai ƙarfi. Ya shanya a inuwa, gama rana tana cin roba da nailan. Kada ya naɗe shi da danshi, kada kuma ya ajiye shi a ƙasa inda ɓera da gara za su kai. Ƙaramar huda a yi mata faci ran nan, kafin ta zama babba. In damina ta wuce a rataye shi, kada a mai da shi wandon zuwa kasuwa.

Da kaka ya aiko mini da ƙullin gyaɗa da saƙo. Ya ce tamfol ɗin ya sha ƙaya har ya yi gashi-gashi, an yi masa maho sau biyu, amma wandon ciki ko huda babu, raken kuma ya tsira. Ya ce samari uku na ƙauyen sun kai wa telan nan nasu tamfol.

Saboda haka, ya mai karatu, in wani naka ya ba ka kuɗin guminsa ya ce ka saya masa wandon ruwa, kada ka fara da tambayar mai kanti. Ka fara tambayar mai shiga jejin: wace irin ƙaya ce a wurinku, ƙarfe nawa kake fita, tsayuwa kake yi ko gudu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jejin Rogo dabam, titin Kano dabam, kuma wandon da bai san sarƙaƙiya ba, sarƙaƙiya za ta koya masa a safiya guda.